Darasi: Majnun Laila da waƙoƙin da suka biyo bayansa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasin namu kan Ƙaisu ɗan Mulawwah ne, wanda aka fi sani da Majnun Laila, wato wanda son Laila ya haukata, mutumin ƙabilar Banu Amir a Najad, zamanin Banu Umayya, ƙarni na 7.

To ku saurara da kyau, abin da ya raba shi da Laila waƙarsa ce. A al'adar Larabawan lokacin in saurayi ya saka sunan yarinya a waƙa har ta bazu gari, to ubanta ba zai ba shi ita ba ko da nawa zai kawo, don kar mutane su ce ai dama akwai wani abu tsakaninsu yanzu ake so a rufa asiri da aure. Haka aka aurar da ita ga wani daban, shi kuma ya faɗa daji yana ta rera baitoci.

Wajen da ya fi taɓa ni, babansa ya kai shi Ka'aba ya ce ɗana roƙi Allah ya yaye maka wannan ciwon, sai Ƙaisu ya kama labulen Ɗakin ya roƙi a ƙara masa son Laila. Wallahi duk sanda na zo nan sai jikina ya yi sanyi, ka duba halin da uban nan ya shiga.

Labarin a warwatse yake, Abul Faraj Al-Isfahani ya tattara ruwayoyin cikin Kitabul Agani a ƙarni na 10. Sai a 1188 mawaƙi Nizami na garin Ganja da ke Azarbaijan ta yau ya ɗinke shi ya zama doguwar waƙa guda da Farisanci, a wajensa ne za ku ga Majnun zaune namun daji sun kewaye shi ba sa taɓa shi. Daga nan fa ƙofa ta buɗe, wasu mawaƙan ma suka riƙa waƙe labarin: Amir Khusrau a Delhi 1299, Jami a Herat 1484, sai Fuzuli da Turkanci a ƙarni na 16.

Kuma ku lura, a hannun Sufaye Laila ta tashi daga 'yar ƙabila ta koma ishara ga son Ubangiji, haukan Majnun ya zama misalin bawan da begen Allah ya cinye shi, shi ya sa in kun ci karo da sunan Laila a ƙasidar wani shehi kar ku yi saurin cewa mace yake nufi, ku karanta baitin da ke gaba da na baya tukuna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko Jamil da Busaina.