Tabarmar Kunya da Hauka Ake Naɗe Ta: Mugun Wasan Kwaikwayo da Takardar Likita

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tare da ni akwai Malam Auwal da ƙanwarmu Zainab, kuma yau za mu duba wani ƙorafi da masu kallon wasannin kwaikwayo masu dogon zango suka daɗe suna yi. Za a shafe kashi talatin ana nuna miji yana dukan matarsa, yana ƙwace mata waya, yana raba ta da danginta, sai a kashi biyu na ƙarshe a kai shi gaban likita, likita ya cire tabarau ya ce ai bawan Allah nan yana da larurar ƙwaƙwalwa tun yana yaro. Daga nan sai a sa kiɗa mai taushi, matar ta fashe da kuka ta ce ta yafe. Zainab, ke kika kawo maganar, me ya fi ɓata miki rai?

Zainab: Anti, lokacin da ake fito da cutar shi ne yake damuna. Da a ce tun kashi na farko an nuna mutumin yana fama, ana kai shi asibiti, ana ba shi magani yana sha yana bari, da na ce marubucin ya yi niyyar ba da labarin mara lafiya. Amma cutar ba ta bayyana sai lokacin da labari ya zo inda ya kamata azzalumi ya girbi abin da ya shuka. Marubuci ya gina mugun da masu kallo suka tsana, sannan ya ga jarumin da ya hau matsayin yana da farin jini, ba ya so ya ƙare da shi a kurkuku, sai ya nemo takardar likita ya wanke shi da ita. Tabarmar kunya ce ake naɗewa da hauka.

Malam Auwal: Ni kuwa bari in tsaya wa marubuta kaɗan, Hajiya, domin kada mu yanke musu hukunci a bayan idonsu. Mugun da aka haife shi mugu, ba dalili ba tarihi, ba ya riƙe mai kallo, kuma mu ɗin nan ne muke kuka cewa ana yi mana labarai marasa zurfi. Idan marubuci ya koma baya ya nuna yaron da ya tashi yana ganin ana dukan mahaifiyarsa, ai bai yi ƙarya ba, irin wannan tashin yana barin tabo a zuciya.

Hajiya Rabi: Yana bari, Malam, babu mai musun wannan. Sai dai bayyana dalili daban, bayar da uzuri daban. Binciken da Cathy Widom ta wallafa a Amurka a 1989, wanda ya bi sawun yaran da aka ci zarafinsu har suka girma, ya nuna haɗarin aikata laifi ya ƙaru a cikinsu, amma kuma mafi yawansu ba a same su da laifin tashin hankali ba. Ke nan a gida ɗaya za a iya samun 'yan'uwa biyu da suka sha wuya iri ɗaya, ɗaya ya ɗaga hannu a kan iyalinsa, ɗaya ya rantse ba zai taɓa yi ba. Wasan kwaikwayo ba ya cika nuna mana na biyun, saboda idan ya tsaya kusa da ɗan'uwansa uzurin ya rushe.

Zainab: Akwai kuma abin da masu kallo suke lura da shi wanda marubucin kansa ya rubuta ya manta. Wannan mutumin da aka ce ba ya iya mallakar kansa, mun gan shi a ofis maigidansa yana yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Mun gan shi ɗan sanda ya tsayar da shi, ya yi murmushi. Yana cikin shaƙe matarsa aka ƙwanƙwasa ƙofa, nan take ya gyara riga ya tarbi baƙi da fara'a. Wace irin cuta ce take sanin wanda za ta taɓa da wanda za ta ƙyale, take jira sai an rufe ƙofa, take zaɓar inda tufafi za su ɓoye tabo? Kura ta san gidan mai babbar sanda, Yaya Auwal.

Malam Auwal: Wannan kam kin kama ni, kuma na yarda hujja ce mai nauyi. Masu aiki da matan da ake cin zarafinsu sun daɗe da faɗin haka. A garin Duluth na jihar Minnesota, a farkon shekarun 1980, an tattara bayanan irin waɗannan mata aka fitar da wani zane da ya nuna duka reshe ɗaya ne kawai, akwai tsoratarwa da killacewa da riƙe kuɗi da amfani da 'ya'ya, kuma duk manufarsu ɗaya ce, wato mallake mutum. A 2015 Ingila da Wales suka mayar da irin wannan mallakewa laifi mai zaman kansa, wanda hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara 5 ko da ba a taɓa jikin mutum ba. Abin da ake tsara shi wata da watanni, da wuya a ce gushewar hankali ce.

Hajiya Rabi: To, a nan nake so mu dakata, domin akwai wasu mutane da wannan salo yake cutarwa waɗanda ba a cika tuna su ba, su ne marasa lafiyar na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 970 ne suke rayuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato mutum 1 cikin 8, kuma mafi yawansu fargaba ce da ciwon damuwa suke addabarsu. Waɗannan mutane ne masu zuwa aiki, masu renon 'ya'ya, waɗanda yawancinsu ba su taɓa marin kowa ba. Bincike ya sha nuna cewa masu larura mai tsanani sun fi zama waɗanda ake cutarwa a kan su zama masu cutarwa. Yanzu a ce matar da take ɓoye maganinta don kada a gani ta zauna da dangin mijinta suna kallo, sai likitan cikin talabijin ya ambaci sunan cutarta a matsayin dalilin da ya sa wani yake ƙona matarsa da dutsen guga. Gobe da wane ido za su kalle ta, kuma yaushe za ta sake yarda ta je asibiti a fili?

Malam Auwal: Amma kada mu wuce gona da iri mu ce babu alaƙa sam, Hajiya. Akwai yanayin da mutum yake jin muryoyi ko yake ganin ana farautarsa, ya yi ɓarna ba tare da sanin abin da yake yi ba.

Hajiya Rabi: Akwai, kuma ba mu ce a daina nuna shi ba. Sai dai kaɗan ne, kuma binciken MacArthur da aka wallafa a 1998, wanda ya bibiyi mutanen da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa a Amurka, ya gano cewa waɗanda ba sa shaye-shaye ba su fi maƙwabtansu tayar da hankali ba. Giya da ƙwaya ne suke ɗaga haɗarin sosai, amma kwalba ba ta jawo wa mugu tausayi kamar yadda takardar likita take jawowa, shi ya sa marubuta ba sa zaɓarta.

Zainab: Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke nuna shari'a. Da zarar an ce yana da taɓin hankali, sai a janye ƙara, ya koma gida, a nuna shi yana shan magani sau ɗaya, sai kuma a rubuta "bayan wata shida" ga shi ya zama salihi.

Malam Auwal: Alhali a zahiri ƙofar kuɓuta daga hukunci saboda taɓin hankali ƙunci gare ta. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa suka gada ta samo asali ne daga shari'ar Daniel M'Naghten a Landan a 1843, wanda ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel. Sharaɗin da alƙalai suka gindaya bayan shari'ar shi ne a tabbatar cewa a lokacin aikata laifin mutum bai san abin da yake yi ba, ko bai san cewa laifi ne ba. Ko mu da muka sani an ɗauke alƙalami a kan mahaukaci har ya warke, ai wanda hankalinsa ya gushe ake nufi, ban da wanda yake goge saƙonni don kada a kama shi. Sannan wanda aka wanke ta wannan hanya ba gida yake tafiya ba. M'Naghten a tsare ya rasu a 1865, shi kuma John Hinckley da ya harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, an wanke shi a 1982 amma bai bar asibiti ba sai 2016.

Zainab: Kuma duk wannan sassaucin a kan matar yake sauka. Da zarar an ambaci cuta, sai a ɗauke kyamara daga kanta a mayar kan hawayensa, ita da aka karya wa hannu ta koma mai jinya, idan ta ce za ta tafi ta zama mara imani da ta guji miji a halin rashin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawa daga abokin zama ne. Da yawa daga cikinsu suna gaban talabijin ɗin nan, kuma abin da ake gaya musu shi ne su ƙara haƙuri, ba halinsa ba ne, ciwo ne.

Malam Auwal: To, idan aka ba ku alƙalamin, yaya za ku rufe labarin? Ni dai har yanzu ina son in ga mugun da zan fahimta.

Hajiya Rabi: Ka fahimce shi mana, Malam, ni ma ina so. A bar masa tarihinsa da ciwonsa idan yana da shi, a nuna shi yana zuwa wurin likita shekara da shekaru, yana gaba yana baya kamar yadda jinya take. Amma ya amsa laifinsa da bakinsa ba tare da ya jingina shi da cutar ba, shari'a ta yi aikinta, ita kuma matar a bar ta ta tafi ba tare da labarin ya hukunta ta ba.

Malam Auwal: Masu zuba kuɗi za su ce irin wannan ƙarshe ba ya sayuwa, masu kallo sulhu suke so.

Zainab: Masu kallon ne fa suke ƙorafin, Yaya Auwal, kuma mu ma cikinsu muke.

Hajiya Rabi: Lokaci ya cimma mana. Malam Auwal, Zainab, na gode muku, masu sauraro kuma sai mun ji ra'ayoyinku. Mu kwana lafiya.