Darasi: Yadda Giyar CVT Ke Aiki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga garejinmu a nan Ƙofar Ruwa. Yau giyar CVT muka kwance, wato irin giyar otomatik da ke canza gudu ba tare da hawa mataki-mataki ba. Yadda ake sauke ta kowa ya iya, mu wuce nan. Ƙanena, matso da wayar kusa.

Ku duba ciki, babu giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Fuli biyu ne, wato ƙarafan da bel ke zagayawa a kansu, da bel ɗin ƙarfe a tsakani. Wannan shi ne na injin... a'a, juyo min shi, yawwa, wannan ne na injin, wancan ke kai ƙarfi ga tayoyi.

Kowane fuli fuska biyu gare shi masu gangara. In mai ya matse su, bel ya hau sama, da'irarsa ta faɗaɗa. In suka buɗe, ya nutse ciki. Ɗaya na matsewa, ɗayan na buɗewa. Wajen tashi, na injin ya ƙanƙance, na taya ya girma, ƙarfi ke nan. In ka miƙe hanyar Zariya sai su yi musaya, gudu ke nan. Shi ya sa ka taka totur, ƙarar injin ta tsaya wuri ɗaya, mota kuwa tana ta ƙara wuta. Direbobi su zo a gigice wai giya na zamewa, alhali lafiyarta ƙalau.

To a kula da bel ɗin nan. Ɗaruruwan ƙananan ƙarafa ne jere a kan zobban ƙarfe, turawa yake yi, ba ja ba. Kafin ka cire shi, ɗaure shi wuri uku ko huɗu. In ya watse a ƙasa, ranar ba abincin rana! Ga kibiya a jikinsa kuma, kun gan ta? Inda ta nuna nan yake juyawa. Kada a kifa shi, don Allah.

Sai mai. Bel ɗin ba haƙora gare shi ba, matsi ne kawai ke riƙe shi, don haka man giyar otomatik na yau da kullum ba nasa ba ne. Ka zuba, ya zame, ya karce fuli, ka sayi wata giyar. Man da ya dace shi ne: na Honda HCF-2, na Nissan NS-2 ko NS-3, na Toyota TC ko FE, gwargwadon motar. Ga zafin Kano da cunkoso, ni na fi son a riƙa canza shi da wuri. Duk muna da su a shago, Alhaji, in ka zo ma daidaita. Mai Prius, taka ba bel a ciki, darasinta daban.

Ƙanena, miƙo tiren nan mu duba maganaɗisu, mu ga ko akwai garin ƙarfe.