Lacca kan Monte Cassino, gidan sufayen Kirista da aka rushe sau huɗu

To jama'a, wannan hoton da kuke gani Monte Cassino ne a Italiya, can kan tsauni, kusan kilomita 130 kudu maso gabas da Roma. Benedict mutumin Nursia ne ya kafa shi wajen shekarar 529 a gurbin wani tsohon ɗakin bautar gunki Apollo, kuma a nan ya rubuta ƙa'idojinsa babi 73, lokacin addu'a, lokacin aiki, lokacin barci, har yawan abincin da sufi zai ci sai da ya tsara.

Kar farin ginin nan ya ruɗe ku fa, ba shi ne na Benedict ba. Lombardawa, wata ƙabila da ta mamaye Italiya, sun rushe na farko a ƙarshen ƙarni na 6, mayaƙan da Turawa ke kira Sarasin suka ƙona shi a 883, girgizar ƙasa ta kayar da shi a 1349.

Ni zamanin da ya fi burge ni shi ne na shugaban gidan Desiderius, wanda daga baya ya zama Fafaroma Victor na 3. Mutumin nan har Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, ya aika aka kawo masa magina masu jera ƙananan duwatsu masu launi a bango da daɓe, ƙyauren cocin na tagulla ma can aka yi su, aka buɗe cocin a 1071. Kuma a lokacinsa ne wani bawan Allah daga Tunisiya, Constantine ɗan Afirka, ya zauna a gidan yana juya littattafan likitancin Larabawa zuwa Latin, har da Zadul Musafir na Ibn al-Jazzar ɗan Ƙairawan. Kun ga inda ilmi yake bi ko?

Sai rushewa ta huɗu, ranar 15 ga Fabrairu 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin ƙawance suka yi masa ruwan bama-bamai suna zaton sojan Jamus na ciki, alhali ba su shiga ba sai bayan ya zama kufai. Allah ya taimaka an riga an kwashe rubuce-rubucen hannu zuwa Roma.

Bayan yaƙi suka sake gina shi a inda yake kuma yadda yake, tsakar gida mai baranda kewaye, rijiya a tsakiya, matakala ta haura zuwa coci mai adon marmara kala-kala. Fafaroma Paul na 6 ya zo da kansa ya tsarkake shi a Oktoban 1964. Wa ke da tambaya?