Majigi a Kan Matasa Makafi: In Sun Zo Kallon, Me Za Su Samu?

Assalamu alaikum masu kallo da masu saurare.

A garuruwa da dama na duniya, makarantu da ƙungiyoyi kan shirya daren majigi, su haska fim a kan rayuwar matasa makafi, in an gama a zauna a tattauna. Burinsu iyaye da malamai da maƙwabta su ga abin da yaran nan suke iyawa. Sai dai akwai tambayar da masu shirya taron kan tsallake: yaron da ake magana a kansa, in ya zo ya zauna a benci, me zai tashi da shi?

Mu fara da irin fim ɗin. A shekarar 2006 aka fitar da Blindsight, wanda Lucy Walker 'yar Birtaniya ta ba da umarni. Labari ne na gaske, na matasa makafi shida 'yan yankin Tibet. Ɗalibai ne a makarantar da Sabriye Tenberken ta buɗe a birnin Lhasa a 1998. Bajamushiya ce, ta makance tana 'yar shekara 12, kuma ita ta tsara rubutun Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da taɓawa, na harshen Tibet. A can, wasu na ɗaukar makanta a matsayin sakayyar laifin da mutum ya yi a wata rayuwa ta baya, shi ya sa ake ɓoye yaran a gida, wasu kuma su ƙare a bara.

Malamar ta rubuta wa Erik Weihenmayer wasiƙa, Ba'amurken da ya zama makaho na farko da ya taka ƙololuwar Everest a watan Mayun 2001. A 2004 ya zo, ya ɗauki yaran zuwa Lhakpa Ri, tsaunin da ke maƙwabtaka da Everest, mai tsawon sama da mita 7,000.

Ba su kai ƙololuwa ba. Iska ta yi ƙaranci a sama, wasu daga cikin yaran suka kamu da ciwon kai da jiri, aka sauko da su. Gardama kuma ta kaure tsakanin manyan. Masu hawan dutse hankalinsu na kan a kai sama, ita kuwa malamar ta fi son yaran su ji daɗin tafiyar, su taɓa ƙanƙara da hannunsu, su koma gida lafiya. A ganina wannan gardamar ce ta sa fim ɗin ya dace da zaman tattaunawa, domin tambayar da take tadawa ta shafi kowane gida mai yaro makaho: waye ke yanke masa abin da zai iya, kuma an taɓa tambayarsa?

To, yanzu a ce ga yarinya makauniya 'yar shekara 15 a cikin 'yan kallo. Kiɗa na tashi, iska na kaɗawa, ba wanda ke magana a fim ɗin har tsawon minti guda. Jama'a suka yi salati gaba ɗaya. Ita ba ta san abin da ya faru ba, sai ta taɓa ta kusa da ita tana tambaya. Can kuma aka yi magana da wani yare, fassarar ta fito a rubuce a ƙasan allo. Wannan ma ta wuce ta.

Maganin wannan shi ne bayanin hoto da murya. Wani zai zauna ya kalli fim ɗin tun kafin ranar, ya nemo guraben shiru tsakanin maganganu, ya rubuta gajerun jimloli da za su shiga ciki daidai. Misali: "Ya cire safar hannu. Yana laluben igiya. Ƙafarsa ta zame, ya dafa dutse." Aikin yana da ƙa'ida. Mai bayani abin da ido ya gani yake faɗa, ba abin da shi ya fahimta ba. Ba zai ce "ransa ya ɓaci" ba, zai ce "ya juya baya, ya haɗe fuska", ya bar mai saurare ya yi nasa hukuncin. Ba ya hawa kan maganar mutanen cikin fim, ba ya riga labari gaba, kuma duk rubutun da ya fito a allo sai ya karanta shi.

A Amurka, Margaret Pfanstiehl ta fara wannan hidima a wani gidan wasan kwaikwayo a Washington a 1981, tashar WGBH ta Boston ta kai ta talabijin a 1990, Netflix kuma ya soma a 2015. A Birtaniya doka ce ta ɗora wa manyan tashoshi yin bayanin aƙalla kashi 10 cikin ɗari na shirye-shiryensu.

Mu kuwa abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin Turawa, motar majigi in ta shigo gari, akwai mai riƙe da lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Ga masu fassara finafinan Indiya, ga masu wasan kwaikwayo na rediyo. Masu muryar da za su yi wannan aikin muna da su, abin da ya rage a koya musu ƙa'idar, a kuma sa su a cikin lissafin taro.

Sauran shirin ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata dare. A kai janareta nesa, domin ƙararsa na cinye sautin da wani ya dogara da shi kacokan. Kada sanarwa ta tsaya a fosta, a yi ta a rediyo da saƙon murya na WhatsApp, a kai gayyata makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta Gindiri a Filato. Wanda zai yi jagora ya miƙa gwiwar hannunsa a riƙe, ya riƙa faɗin inda matakala da kwata suke, kuma kada a ɗauke wa mutum sandarsa da sunan ajiya. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin shiga wuraren jama'a kamar kowa.

In lokacin tattaunawa ya yi, a fara miƙa wa matasan makirufo, a tambaye su kai tsaye, ba ta bakin ɗan jagora ba. Kafin ranar ma, a kunna wa biyu ko uku daga cikinsu bayanin da aka rubuta. Su za su ce nan surutu ya yi yawa, nan kuma an bar mu ba mu san wanda ya shigo ɗakin ba, sai a gyara kafin a ɗaura allo.