Kashe Zafin Ƙafa ta Bayan Gwiwa da Na'urar Sikanin

Mai ciwon suga da gyambo a ƙafa sau da yawa yakan zo ɗakin tiyata da raunin zuciya ko na ƙoda. Sa shi barci akwai haɗari, allurar baya kuma tana iya faɗar masa da jini. A nan ne toshe jijiyar sayatik, wato kashe zafin ƙafa da allurar magani a gefen jijiyar, yake da rana.

Ita ce mafi girma cikin jijiyoyin ji da motsi na jiki. Daga ƙashin baya take fitowa, daga gaɓar L4 ta ƙugu zuwa S3 ta ƙasan baya, ta bi ta mazaunai ta gangaro bayan cinya. Ana iya tare ta a ƙarƙashin mazaunai, amma can tana da zurfi. Ga aikin tafin ƙafa da idon sawu, bayan gwiwa ya fi sauƙi.

Ku kwantar da majinyaci rub da ciki, ko rigingine a ɗaga ƙafar. Ku ɗora miƙaƙƙen kan na'urar a lanƙwasar gwiwa. Abin da ke bugawa a allo jijiyar jini ce. Sama da ita, wato kusa da fata, ɗan gefen waje, ga wani fari mai kama da saƙar zuma: jijiyar tibiyal ke nan, ɗaya daga rassa biyu na sayatik. Ku matsa sama wajen cinya a hankali, za ku ga ɗaya reshen, jijiyar feroniyal, tana matsowa daga waje har su haɗe, galibi santimita 5 zuwa 10 daga lanƙwasar. In kuna shakka, ku ce ya motsa tafin ƙafarsa sama da ƙasa, za ku ga biyun suna lilo.

Daidai mararrabar za ku shigar da allura daga gefen waje, idonku a kan bakinta. In bakin ya ɓace muku, ku tsaya cak. Mililita (mil) 15 zuwa 20 na maganin kashe zafi, bupivacaine ko ropivacaine, ya isa, gwargwadon nauyin mutum. Ku ja sirinji baya kafin kowane mil 5 don duba ko jini zai fito. Maganin ya shiga cikin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin, ku gan shi baƙi yana raba su. Idan turawa ta yi tauri, ko ya ji zafi ya tsarga masa, kada ku ƙara ko ɗigo.

Ƙarar kunne ko mutuwar leɓe alama ce magani ya shiga jini, don haka Intralipid, ruwan mai da ake sa wa a jijiyar jini don karya gubar maganin, ya kasance kusa.

Gefen ciki na ƙwauri da idon sawu na wata jijiya ce daban, safinas, sai an yi mata tata allurar. Bayan aiki a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don kada diddige ya yi ciwo, kuma kada ya taka ƙafar sai ji ya dawo, wanda a mai suga yakan daɗe.