Faifan da Ba Ya Juyawa da Sabar Ƙaramin Ofis

Mai gabatarwa: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Injiniya da Malama, kuma batunmu shi ne ma'ajin filashi na laftof, wato SSD, da kuma saba, wato kwamfutar da take riƙe wa sauran kwamfutoci fayiloli, wadda ta dace da ƙaramin ofis. Injiniya, mutane sun sha jiran wannan ma'aji kafin ya zama ruwan dare.

Injiniya: Sun sha jira ƙwarai, Malam. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ne ya ƙirƙiro filashi a shekarun 1980, kuma a 1991 SanDisk ya fitar da SSD mai megabait 20 a kan kusan dala 1,000, saboda haka tsada ta daɗe tana hana ruwa gudu. Sai a 2007, da kamfanin Asus ya fitar da ƙaramar laftof Eee PC mai SSD na gigabait 4, talaka ya fara ganin abin a hannunsa. Tsohon faifan laftof yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya da allura a kansa, don haka faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi, alhali filashi ba shi da komai mai motsi.

Malama: Wannan gaskiya ne, amma akwai abin da yake damuna. Tsohon faifai sau da yawa yakan yi ƙara ko nauyi kafin ya mutu, shi kuwa SSD yana iya ɗaukewa babu sallama. Sannan umarnin TRIM, wanda yake share gurbin abin da aka goge domin ma'ajin ya riƙe saurinsa, yakan sa dawo da fayil ya yi matuƙar wuya. Shi ya sa nake ganin duk ofishin da ya koma SSD yana bukatar saba wadda za ta riƙa kwafe aikin kowa kullum.

Mai gabatarwa: To, Malama, ofis mai ma'aikata goma, wace saba zai ɗauka?

Malama: Ni Debian ko Ubuntu LTS zan ba su shawara, wato manhajojin tafiyar da kwamfuta na kyauta, a ɗora musu Samba, manhajar raba fayiloli wadda Andrew Tridgell ya fara a 1992, domin kwamfutocin Windows su ga fayiloli ba tare da an sayi lasisin kowane ma'aikaci ba. Ubuntu LTS tana fitowa duk shekara biyu, kuma ana gyara mata kafofin tsaro na shekara biyar.

Injiniya: Ina da ɗan gyara a nan, ranki ya daɗe. Manhajar da aka buɗe tushenta, irin waɗannan da kika ambata, kyauta ce, amma kula da ita aiki ne da sai an biya wani ya yi. Waɗanda suka dogara da CentOS 8, wata manhajar tafiyar da saba ta kyauta, sun ɗauka za a kula da ita har 2029, sai aka tsayar da ita a ƙarshen 2021, dole suka yi ƙaura ba shiri.

Malama: Na yarda, kuma shi ya sa tambayata ta farko ga mai ofis ita ce wa zai kula da sabar idan wanda ya kafa ta ya bar aiki. A rubuta yadda aka saita komai, a kuma ajiye kwafi ɗaya a wajen ginin, domin RAID na faifai biyu, wato rubuta abu ɗaya a kan faifai biyu a lokaci guda, zai tsare ka daga mutuwar ɗaya ne kawai, abin da ka goge a wannan ya gogu a wancan.

Injiniya: Kuma a riƙa gwada dawo da fayil daga kwafin kowane wata, domin a tabbatar yana buɗewa.