Tsakuwa a rijiya, dutse a sama: lissafin faɗuwar abu

Lacca ce da wani malamin fiziks ya yi wa ɗalibai masu shirin WAEC a Gombe, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Ku ajiye kalkuleta tukuna. Ga kwaɗon ƙofa a hannun dama, ga guntun alli a hagu. Wanne zai riga sauka? Kun ce kwaɗo. To ku duba. Kun gani? Tare suka dira. Kada ku ji kunya, Aristotle, masanin Girka na dā, ma haka ya ce, aka yi ta bin maganarsa kusan shekara 2,000, har Galileo na Italiya ya zo ya gwada da gangara ƙwallaye. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka sauka tare. A nan iska ce ke tare gashin kaza, ba rashin nauyi ba.

Abin da ke faɗowa, kowane sakan gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. Shi ne g. A jarrabawa galibi za a ce ku ɗauki 10.

Mu je bakin rijiya. Ka saki tsakuwa, saki fa, ba jifa ba. Kalmar nan kaɗai ta gaya maka u, wato gudun farawa, sifili ne, amma ɗalibi sai ya zauna yana cizon biro wai ba a ba shi u ba. Bayan sakan 2 ka ji tsundum. Nisan faɗowa h ne, lokaci t: h = ½gt², wato 5 sau 4, mita 20, kusan gaba goma sha ɗaya na igiyar guga. A sakan na farko mita 5 kacal ta ci, a na biyu 15. Da rijiya gaba dubu ce, na uku 25 za ta ci.

Inda ake zubar da maki shi ne jifa sama. Yaro ya cilla dutse tsaye don kaɗo mangwaro, da gudun mita 20 a sakan. Kafin ka taɓa fomula, zana kibiya, ka yanke ina ne gaba. In sama ka zaɓa, u ya zama +20, g kuma −10, kuma haka zai zauna har ƙarshen aikin. Ba a sauya masa alama a tsakiyar hanya don dutse ya juyo. Gudun ya koma 10, ya koma sifili: sakan 2 ke nan, tsayi mita 20.

Na'am, 'yata? Wai a can ƙololuwa g ma sifili ne? Na gode da tambayar nan, rabin ɗakin nan abin da ke ransu ke nan. Gudu ne ya ƙare, jan ƙasa yana nan daram. Da ya ƙare, ai dutsen sai ya rataye a sama, mu taru muna kallo.

Ku rubuta wannan. Kana kan bene mai tsayin mita 15, ka cilla dutse sama da mita 10 a sakan, ya faɗo har ƙasa. Tunda ya sauka ƙasa da inda ya tashi, h shi ne −15. Sai h = ut + ½gt² ta zama −15 = 10t − 5t². Amsa biyu za ta fito, 3 da −1. Minti biyar na ba ku, ku faɗa mini wacce za ku jefar, da dalili. Kai mai jar hula, zo ga alli.